Ciyawar Tsintsiya a Rufin Mai Tattabaru

Da mai babur bai kusa take mata ƙafa ba, da Auta ba ta ɗaga kai ba. Ta yi tsalle ta manne da bango, ta buɗe baki za ta aika masa da abin da ya dace da shi, sai idonta ya sauka a bakin rufin da ke tsallaken titi. Zagin bai fito ba.

Ciyawa ce. Ta leƙo daga saman wani gini, daidai kan shagon masu gyaran waya, tana kaɗawa abinta kamar gidan ubanta. Ba kuma kowace ciyawa ba. Auta ta san wannan siririn kara, ta san yadda kansa yake bajewa tun kafin ya nuna. Da ita aka raine ta, da ita take rufa wa kanta asiri. Ciyawar tsintsiya ce, wadda bana aka neme ta a Fili sama da ƙasa aka rasa.

Fili kuwa shi ne babban filin hukuma da ke bayan gari. Ba na kowa ba ne, kuma kowa na ci a jikinsa: masu shanu, masu zuma, masu tsinkar ganyen magani, da matan rumfar tsintsiya, waɗanda kusurwar gabas take hannunsu tun kaka da kakanni. Ƙa'idar ba ta da wuya. Da damina shanu ba sa taka kusurwar, sai mata sun gama yanka a buɗe musu su shiga su ci saura. Haka ake yi ba a taɓa jin kansu ba. Sai bara ciyawar ta fito tsilli-tsilli, bana kuma ƙasa ta kwanta fayau kamar kan mai sanƙo. Mata suka ce shanu ake sakawa a ɓoye. Suka kai ƙara wurin jami'in da ke kula da Fili, shi kuma ya ce ranar Asabar zai yanke hukunci. In ta tabbata, za a kori shanu daga duk ɓangaren gabas.

A gabas ɗin tafki yake. Wanda aka raba shanunsa da tafki, to sai ya sayar ko ya tattara ya bar garin. Garken da ya fi kowanne kusa da kusurwar na Yaya ne, wan Auta uwa ɗaya uba ɗaya. Wadda ta ja gaba wajen kai ƙarar kuwa Mama ce, shugabar rumfa, uwar mijin Auta, wadda suke kwana suke tashi gida ɗaya. Mijin direban babbar mota ne, yana can kan hanya. Tun da aka fara rigimar nan Auta ba ta sa loma ta ji daɗinta ba.

Ta manta da wayar da ta kawo gyara. Ta tsallaka titi ta leƙa shagon.

"Malam, ta ina ake hawa sama?"

Mai gyaran bai ɗago daga abin da yake kwancewa ba. "Ta baya. Amma mai wurin ba ya son baƙi."

"Ni ma ba shi na zo gani ba."

Matakalar ƙunci gare ta, ga warin kashin tsuntsu. Ta hau tana tattare da zani, ta tura wata ƙofar langa-langa. Tattabaru suka tashi fir gaba ɗaya, har ta kare fuska da hannu. Rufin siminti ne shimfiɗaɗɗe, an jera akurkan katako a jikin bango. Can gefe, inda ƙura da kashin tsuntsu suka taru suka zama ƙasa, ciyawar ta ja layi kore shar, ta kai gwiwa. Auta ta tsuguna ta tsinki ɗaya tana jujjuyawa.

"Ɓarauniya! Ajiye!"

Wani dattijo ne ya fito daga bayan akurki da doguwar gora mai tsumma a kai, ya ɗaga ta sama kamar zai kaɗo mangwaro.

"Baba, tattabara ce wannan?" Ta nuna masa ciyawar.

Ya sauke gorar, ya ƙanƙance ido. "Au. Ke ce? 'Yar rumfa?"

"Bawan Allah!"

Sunan da matan rumfa suka sa masa ke nan. Duk lokacin yanka, da yamma ta yi sai ga shi da baro, ya share musu rumfa tas, ya kwashe sharar ya tafi, bai taɓa neman ko ruwan sha ba. Mama har addu'a take yi masa da babbar murya.

"Baba, kai ka shuka wannan?"

"Na shuka? Ni da nake tuge ta tana dawowa? Saiwarta na fasa siminti, ɗakin ƙasa na yoyo, mai gidan kullum sai ya hawo ya yi mini wa'azi. In kina so kwashe, har na gode."

"To daga ina ta zo?"

"Oho. Tambayi tsuntsu."

Ba ta tambayi tsuntsu ba, ta dai bi su da ido. Sun fara saukowa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wuri guda suke nufa: wata 'yar inuwar kwano a lungu, inda aka jibge buhuna aka rufe da leda. Dattijon ya ga inda take kallo, ya matsa ya tare da jikinsa.

"Kayan mutane ne."

Ta fi shi sauri. Ta zagaye shi ta cusa hannu a bakin buhun da ke buɗe. Abin da ta damƙo ya zubo ta tsakanin yatsunta kamar yashi: 'ya'yan ciyawa ƙanana, gauraye da ƙaiƙayi. Ƙaiƙayin ma ta san shi, shi ne yake shige musu wuya yana hana su barci lokacin aiki.

"Sharar rumfarmu ce wannan."

"Shara ce mana. Kun ce kuna so? Na taɓa ɗaukar muku tsinke ɗaya?" Ya cafko wata tattabara ya tura mata a fuska. "Dubi wuyan nan. Dubi sheƙi. Tun da na fara ba su wannan ko mura ba sa yi."

"Ashe ba don Allah kake sharar ba."

"Don Allah nake yi! Su tattabarun ba bayin Allah ba ne?"

Dariya ta ƙwace mata. Ta ƙulle abin da ta damƙo a bakin mayafinta, ta sauko. Wani abu na motsi a cikin kanta, amma ta kasa kama shi. Iri a kan rufi ya tsiro. To me ya hana shi tsirowa a inda ya saba? Maimakon ta nufi gida, sai ta tari mota mai zuwa bayan gari.

An yi ruwa da safe, Fili ya wanku. Ta yamma ciyawa ta yi tsayi har tana ɓoye maruƙa, balbelu na biye da shanu, ƙudan zuma na ta kai da kawo a kan furanni. Amma da ta karkata gabas sai ƙafarta ta fara santsi. Ƙasa tsirara. Ruwa ya fara yanka ƙananan kwari, yana kwasar jar laka yana kaiwa tafki, bakin tafkin har ya sauya launi.

Yaya na zaune a kan wani dutse, sanda a gicciye kan cinya. Ya gan ta tun daga nesa, bai motsa ba.

"Surukarki ce ta aiko ki leƙen asiri?"

"Yaya, ina wuni."

"Ban wuni ba. Dillalai sun fara zagaya ni tun ban mutu ba. Ɗazu wani ya zo yana buɗe bakin jar saniyata yana duba haƙori, ko sallama babu."

Ta zauna a gefensa. "Tambaya na zo yi. Duk faɗin gabas ɗin nan, babu inda ta fito? Ko kaɗan?"

"Ku da kuka ce na cinye?"

"Yaya, don Allah."

Ya dube ta. Sai ya miƙe, ya saɓa sanda, ta bi shi a baya kamar lokacin da suke yara. Suka bi hanyar da ta bi gefen kusurwar ta nufi kwalta. A inda hanyar ta yi kwana ta gangara, ya tsaya ya nuna da baki.

Ga ta nan, cunkus, ta yi da'ira kamar an shimfiɗa tabarma. Daga da'irar kuma wani siririn layi ya tashi, ya bi gefen hanya dama da hagu, yana tafiya har inda ido ya ƙare.

"Ni ma abin ya ɗaure mini kai," in ji Yaya. "Nan ce hanyar shanuna zuwa ruwa, safe da yamma. Inda suke takawa ta fito. Can tsakiya da ba su taɓa sa ƙafa ba, ko tsinke. Na so in faɗa wa Yallaɓai jami'i, sai na ga wa zai yarda da mai shanu?"

Auta ta tsaya tana kallon kwanar. Ta san wurin nan. Bara, a nan ne keken ɗaukar kaya da suka yi haya ya kife da lodi. Dammuna suka tarwatse, mata suka yi ta tsine wa direban suna ɗagawa suna bugawa da ƙasa suna mayarwa. Layin da ke gefen hanya kuwa, ai hanyar keken ce, yana tafe yana girgiza kaya.

"Yaya. Ka tuna lokacin da Inna take zuwa da mu yanka?"

"Na tuna ke kina kuka wai ƙaiƙayi."

"Me take yi kafin ta ɗaura dami?"

"Ta kakkaɓe shi mana. Ta buga a dutse, ta buga a sanda. Wa zai ɗauki ƙaiƙayi a ka har cikin gari? Wuyan mutum ai ba na jaki ba ne."

"A ina take bugawa?"

"Duk inda ta yanka." Ya juyo. "Me kike nufi?"

Abin ya fara jeruwa a gabanta ɗaya bayan ɗaya. Da can kaɗan-kaɗan ake yanka, gwargwadon abin da kai zai ɗauka, a yi ta yi har sanyi ya shigo. Wadda ba a kai gare ta ba ta bushe ta zubar da 'ya'yanta, wadda aka yanka a kakkaɓe ta a wurin. Sai Mama ta yi ta faɗi-tashi har aka gina musu rumfa mai daɓen siminti a cikin gari, aka samo keke. Yanzu cikin 'yan kwanaki suke aske kusurwar ƙaf, tun kai bai gama bushewa ba, su loda ta da komai nata, sai a rumfa a zauna a inuwa a kakkaɓe ana hira. Kowa ya ce an ci gaba. Ciwon wuya ma ya ragu.

"Mu ne," ta ce a hankali. "Mun kwashe irin mun kai gari. Tsuntsaye muke ciyarwa da shi."

Ta kwance bakin mayafi ta nuna masa, ta ba shi labarin rufin. Yaya ya yi dariya har ya dafa sanda, har wata saniya ta ɗago tana kallonsa. Sai dariyar ta yanke.

"Za ki faɗa ranar Asabar?"

Ta mayar da bakin mayafin ta ƙulle.

"A gidanta kike," ya ce, yana kallon tafki. "Ban ce dole ba, Auta."

Da ya yi mata faɗa da ya fi mata sauƙi.

Washegari da sassafe Mama ta riga kowa fita, kamar yadda ta saba. Auta ta ba ta rata, sannan ta bi ta. Rumfar a rufe take, ba kowa a gaba. Ta zagaya baya, ta tarar da Mama a duƙe a gindin bango, tana tuge wani abu kore tana cusawa a bokiti, tana waige-waige. Duk tsawon bangon, inda iska ke tura shara, ciyawar ce ta fito.

"Mama, barka da asuba. Kawo in taya ki."

Mama ta miƙe da ƙyar, ta tura bokitin bayan ƙafarta. "Na ce ki taya ni?"

"Mama, kin san ko wace ciyawa ce wannan."

"Na san ta tun ba a haife ki ba."

"To kin san abin da ya faru a Fili."

"Ban san komai ba. Zato nake yi, kamar yadda na ga ke ma kin fara yi, tun jiya kina ta zare ido a gida." Ta goge hannu a zani, ta rage murya. "Zo nan in tambaye ki, tunda kin yi wayo. Ki tashi gaban Yallaɓai ki ce mu muka kashe ta. Sai ya ce me? Ya ce mata sun kasa riƙon kusurwa. Masu buga bulo sun daɗe suna lasar baki a kan wurin nan, kin sani na sani. Shanu na da ƙafa, sa nemi wani ruwan. Matan nan fa? Mai marayu ta je ina? Wadda mijinta ke kwance ta je ina?"

"Ko an kori shanun ba za ta fito ba, Mama. Baɗi ma haka za mu wayi gari."

"Baɗi ta Allah ce."

"Yayana ne."

"Na sani. Ni kuma ɗana kike aure." Mama ta ɗauki bokitinta. "Ranar Asabar ki zauna a bayana, ki kama bakinki. Magana ta ƙare."

Auta ta tsaya a bayan rumfa har rana ta fara zafi. Maganar Mama ba shirme ba ce, shi ya sa ta yi mata nauyi. Daga nan ba ta shiga rumfa ba. Ta koma layin masu gyaran waya, ta sake hawa matakalar nan mai wari.

"Ba zan bayar ba," in ji Bawan Allah tun kafin ta gama roƙon buhunan irin. Ya zauna a kan buhunan ya baje riga.

"Baba, bana akwai ciyawa a Fili?"

"An ce babu."

"To bana me za ka share?"

Ya dubi tattabarunsa, ya dubi buhunan. "Ke dai ba alheri ne ya hawo da ke rufin nan ba," ya ce.

Ranar Asabar barandar ofishin Fili ta cika. Mata a benci ta dama, masu shanu a tsaye ta hagu, masu zuma a tsakiya suna jiran su ga inda za ta faɗi. Jami'in ya fito da takalmin roba duk laka, da alamar bai yi barcin kirki ba. Ya ce ya zagaya kusurwar bai ga sawun kofato ba, amma ruwan sama na shafe sawu. Ya ce abin da ya fi damunsa laka ce da ke cike tafki, in aka bar ƙasar tsirara kowa zai rasa, har rijiyoyin unguwar da ke kusa. Dole ya yi wani abu, kuma ƙara ɗaya ce a gabansa.

"Saboda haka, daga ƙarshen watan nan..."

Auta ta ji ta a tsaye. Mama ba ta waiwayo ba, amma bayan wuyanta ya sandare.

"Yallaɓai, a gafarce ni."

Ta ratsa benci ta isa teburinsa, ta kwance mayafi ta zazzage masa abin da ke ciki. Daidai nan aka ji ƙarar baro mai kukan rashin mai, Bawan Allah ya kunno kai yana turo buhuna, fuskar nan a murtuke kamar mai rakiyar gawa.

Ta faɗi abin da ta gani: rufin, kwanar da keke ya kife, layin gefen hanya. Bayan rumfa ne kaɗai ba ta ambata ba. Tun kafin ta kai ƙarshe benci ya ɗauki hayaniya.

"Ji munafuka!"

"Dama ai jininsu ɗaya!"

"A rumfar wa kike cin abinci?"

Jami'in ya ɗaga hannu, amma idonsa na kan tebur. Ya lakaci irin da ɗan yatsa ya kai kusa da ido, ya hura ƙaiƙayin. Gajiyar fuskarsa ta tafi, sai tambaya yake jerowa kamar yaron da ya tsinci agogo. Tun yaushe aka daina bugu a Fili? Kan yana zuba da kansa kafin a yanka, ko ɗanye ake kwashewa? A kwanar, ta fi kauri a inda shanu ke bi ko a gefe? Ya ce ciyawar nan kowace shekara mutuwa take yi, daga iri take dawowa, amma bai taɓa kawowa a ransa ya tambayi yadda ake yanka ba.

"Ban gaskata ki ba, ban kuma ƙaryata ki ba," ya ce. "Damina da saura. A watsa wannan a tsakiyar kusurwa, inda ya fi bushewa. In ya fito, ƙasar lafiya lau take, iri ta rasa, ƙara ta faɗi. In bai fito ba zuwa ƙarshen wata, shanu su tashi."

"Ranka ya daɗe," in ji Yaya daga hagu, "ƙasar ta yi tauri kamar faranti. Ruwan farko zai wanke shi ya kai tafki. A bar shanu su bi ta kai sau ɗaya su danna shi."

Mata suka sake tashi. Wata ta ce saura a ba su lauje su yi yankan ma. Jami'in ya yi tunani, ya ce a bar su su bi. Bawan Allah ya janye buhu ɗaya ya zauna a kai, ya ce wannan kam sai dai a bi ta kan gawarsa. Mama kuwa ta tashi ta gyara mayafi ta fita.

Mata kaɗan ne suka zo watsa irin. Yaya ya koro garken suka ratsa a hankali, suka bar wurin duk ramukan kofato. Daga nan sai jira.

A gida Mama ta daina yi wa Auta magana kai tsaye. Buta take gaya wa. "A ce wa mai bakin nan ruwa ya ƙare a randa." "A tambayi lauyan shanu ko ta ga makullin ɗakina." Auta ta riƙa amsa wa butar cikin ladabi. Da hadari ya haɗu sai gabanta ya faɗi, kada ya yi yawa ya wanke. In ya watse kuma ta ce kada ƙasa ta bushe. Iri da ya kwana biyu a buhu a kan rufi, cikin zafin kwano, wa ya san ko da sauran rai a cikinsa?

Ranar ƙarshen wata aka hallara a kusurwar da hantsi. Daga nesa ƙasar tana nan ja kamar da. Sai da aka matso aka sunkuya. A cikin kowane ramin kofato, inda ruwa ya ɗan kwanta, wasu 'yan siraran abubuwa kore sun tsaya cirko-cirko kamar gashin jariri.

Auta ta durƙusa. "Ita ce! Yallaɓai, wallahi ita ce!"

Jami'in ya tsuguna ya daɗe yana dubawa. Ya girgiza kai. "Wani abu ya fito, wannan gaskiya ne. Amma a wannan girman duk ciyawa kamarsu ɗaya a idona. Shanu sun bi ta nan, za su iya kawo kowace iri a kofato. Sai ta yi kai zan iya rantsuwa, ni kuma yau aka ce in kai amsa. Ke ƙanwarsa ce, shaidarki ba za ta shiga ba." Ya miƙe ya dubi matan. "A cikin masu ƙara, wa zai iya bambancewa?"

Kawunan matan duk suka juya wuri guda.

Mama na tsaye can baya da lema. Ta ɗauki lokaci kafin ta taho, mata na buɗa mata hanya. Ta miƙa wa wata lemar, ta dafa gwiwa, ta sauka ƙasa da nishi. Ta sa farce ta ciro ɗaya har da saiwa. Ta ɗaga ta a rana. Ta goga ta a leɓenta na ƙasa, ta sake gogawa ta ɗaya gefen. Yaya ya riƙe sandarsa da hannu biyu.

"Yallaɓai," in ji Mama, ba ta ɗago ba. "In na ce ita ce, kusurwar ta wa?"

"Ta mata, Hajiya. Da sharaɗin bana ba yanka, a bar ta ta zuba. Daga baɗi kuma a kakkaɓe a nan kafin a loda."

"Masu bulo fa?"

"Ba da hannuna ba."

"In na ce ba ita ba ce?"

"Shanu su tashi gobe."

Mama ta ci gaba da kallon abin da ke tafin hannunta. Wata daga baya ta yi gyaran murya mai ma'ana. Auta ta sunkuyar da kai, ta kasa kallon kowa.

"Ita ce," in ji Mama. Ta mayar da tsiron cikin ramin, ta danna ƙasa a gindinsa da babban yatsa. Ta dubi Yaya. "Kai, Dogo. Kana tsaye kamar turken wuta. Ba ni hannu in tashi."

Yaya ya yar da sanda ya ɗago ta da hannu biyu. "Mama, na gode. Allah ya saka..."

"Riƙe godiyarka, ba don kai na yi ba." Ta karɓi lemarta ta kakkaɓe zani. "Ka ji dai da kunnenka, bana ba mu da tsintsiya. Rumfa kuma ba za ta zauna a rufe ba, ga daɓe ga inuwa. Daga gobe nonon shanunka can za a riƙa kaiwa, mu za mu sayar. Ka gaya wa sauran 'yan'uwanka."

Yaya ya dubi Auta, ya dubi jami'in, ya sosa ƙeya. "Mama, ai ba mu yi wannan cinikin ba."

"Yanzu muka yi. Auta, me kike jira a ƙasa? Tashi ki je ki wanke mana robobin zuba nono."